Ƙyauren Yakaka

A ofishin ƙungiyar agajin da na yi wa tuƙi a nan Diffa, idan watan Disamba ya kama sai a ce za a yi bilan, wato a zauna a duba abin da shekara ta haifar. A tara mu a ɗaki mai sanyi, a raba lemon kwalba da biskit, wani babba ya miƙe ya haska mana zane a bango. Ko shekara ta yi kyau ko ta ɓaci, layin zanen nan sama yake hawa. Mu direbobi a baya muke zama, kusa da ƙofa, don in an tashi mu ne masu kwashe kujeru.

Bana babu wanda ya tara ni. Tun farkon shekara na ajiye musu makullinsu, na haɗa ɗan abin da na tara na sayi tsohuwar a-kori-kura, na koma aikin kaina. Saboda haka bilan ɗin bana ni kaɗai nake yin abina, zaune a gaban mota a bakin Komadugu ta wajen Shetimari, ina jiran manoma su gama ɗinke buhunan tattasai. Lemo ma ban saya ba, ruwan jarka nake sha.

Sunana Kalli. A Barwa aka haife ni, can wajen Bosso, amma tun ban san dama da hagu ba aka kawo ni Diffa wurin kawuna don in yi lakkol, wato makarantar boko. Lakkol bai karɓe ni ba, mota ta karɓe ni.

Ci gaba dai na ci gaba, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Da shofer, wato direba, ake kirana, yanzu mai mota ake cewa, har wasu su ƙara da Alhaji in suna neman ragi. Na iya kallon buhu daga nesa in faɗi ko tattasan ciki ya bushe ko gaggawa aka yi masa. Na daina atishawa in ana lodi, bayan na yi rabin shekara ina zubar da hawaye a gaban ƙattai. Abin da ban dace da shi ba shi ne maigida. Na yi aiki ƙarƙashin patiron iri-iri, baƙi da 'yan gida, masu faɗa da masu murmushin mugunta, amma ban taɓa gamuwa da azzalumi irin na bana ba. Ba ya ba ni hutu, ba ya biyan kuɗin kwanan hanya, in na ce zazzaɓi nake yi ya ce ƙarya ce, tashi. Ba ni kuma da inda zan kai ƙararsa, tunda ni ne shi.

Tafiya kuwa na sha ta. Damagaram har masu shayin tasha sun san yadda nake son nawa. Na ɗauko kanwa daga Maine, na kai kayan ɗakin amarya Gigimi aka ce ni na fasa madubi, alhali a fashe aka ɗora shi. Na je Agadas da tattasai na dawo da albasa, mota ta yi wata guda tana warin miya. Har Yamai na gani da idona, na ga gadar nan da ake ta ba mu labari. Gada ce. Wuri guda ne ban je ba har shekara ta kusa ƙarewa, shi ne Barwa, kuma shi kaɗai ne aka roƙe ni in je.

Wadda ta roƙe ni mahaifiyata ce, Ya Gumsu, mu Ya kawai muke ce mata. Ba don ta ga gari take so ba. Saboda wani ƙyaure ne.

Shekarar gudu, lokacin da Barwa ta watse, iyayena suka taho wurina Diffa da kayan jikinsu kawai. Da abu ya ɗan lafa sai mahaifina ya bi wata mota ya koma ya ga ko akwai abin da ya rage. Gidanmu toka ya tarar. Ɗakin maƙwabciyarmu Yakaka shi ma ya zube, amma ƙyaurensa na nan tsaye, sai ya ciro shi ya taho da shi. Mutum ya saka ransa a hatsari ya je ɗebo kayan gidansa, ya dawo da ƙyauren wasu.

Ƙyauren ba na wasa ba ne. Marigayi mijin Yakaka masunci ne, da katakon tsohon jirginsa aka haɗa shi. Dogo ne, mai faɗi, baƙi ƙirin don tsufa, ƙarti biyu ba sa ɗaga shi sai da nishi. In ruwan sama ya taɓa shi har yau warin tafki yake yi. Yakaka ita Kinjandi ta gudu, tana zaune a bukkar zana, babu inda za ta kafa shi, sai ya zauna a gidana. Bayan wasu shekaru mahaifina ya rasu ina Gigimi wurin aiki, kafin in iso an kai shi. Amanar ƙyaure ta koma hannun Ya.

Da aka ce mutanen Barwa su koma gida, Yakaka na cikin ayarin farko. Ya ba ta bi ba, gwiwoyinta sun ƙi, kuma ba gidan da za ta koma. Tun daga nan duk wanda ya zo Diffa daga Barwa, ko asibiti ya zo ko kasuwa, da saƙo ɗaya yake zuwa: Yakaka na gaishe da Gumsu, ta ce ƙyaurenta. Na ce a ba motar kasuwa ta kai. Ya ta ce amana hannu da hannu ake mayar da ita, ba a jefa ta saman buhunan gawayi. Ta ce in kai su da motar da nake ja. Na nuna mata dokar ƙungiya, ba a ɗaukar kayan gida, ba a ɗaukar fasinja, har a jikin gilashi an manna. Na ce, "Ya, ranar da na yi motar kaina, shi ne lodina na farko."

Lodina na farko awaki ne, daga Gagamari.

Ƙyauren yana nan jingine a ƙarƙashin rumfa, an ɗora shi kan bulo don kada gara ta same shi. Kowace safiya Ya sai ta dogara sanda ta je ta duba bayansa, ta goge shi da tsumma. Matata Rashida ta taɓa shanya kuɓewa a kansa. Ya, wadda ba ta taɓa ɗaga wa surukarta murya ba, ranar ta ɗaga har maƙwabta suka leƙo. Ni ma na taɓa kwantar da shi na zauna ina shan shayi, ta tsaya a kaina har na tashi da kofina. Wani lokacin kuma in dawo daga tafiya in ga ba ya nan, can da yamma sai ga mutanen Barwa mazauna bayan gari sun dawo da shi a jiƙe. In tambaya, Ya ta ce aro aka yi. Na ɗauka biki ake yi ana jera tukwane a kai. Ban ƙara tambaya ba, waya tana ta kuka a aljihuna.

Ba wai na manta da alkawari ba ne. Lokacin zafi injin yana tafasa, ba a kai shi cikin yashi. Da damina ta sauka hanyar Bosso ta zama taɓo. Damina ta ɗauke, kogi ya cika ya tare wasu hanyoyin. Ruwa bai gama ja ba tattasai ya nuna. Duk gaskiya ne, kada wani ya dube ni. Duk wanda ya taɓa ciyar da gida da mota ɗaya ya san ba a barin lodin da ke hannu a tafi kai katako.

Tsakiyar Disamba sai Laminu, ɗan Yakaka, ya kira ni daga Barwa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce tsohuwa jiki ya yi nauyi, ta rage cin abinci, ko kunu sai an lallashe ta.

"Allah ya ba ta lafiya," na ce. "Ku kawo ta asibiti mana."

"Ba ta maganar asibiti," in ji shi. "Ƙyauren take tambaya. Safe da yamma."

Na ce masa in sha Allahu. Gaskiyar magana kuwa, a lokacin wani babban dillalin tattasai, Alhaji Muhsinu, ya kama ni na watan nan duka, kullum daga gonakin Shetimari zuwa sitonsa a Diffa. Irin wannan aikin shi direba ke roƙon Allah ya ba shi, kuma in ka yi fashin yini ɗaya akwai motoci a layi masu jiran gurbinka. Na je na sami Ya na yi mata bayani dalla-dalla, kamar yadda ake yi mana a ɗaki mai sanyi. Na ce da an shiga sabuwar shekara, ranar farko, za mu kama hanya. Na ce mai ciwo bargo take buƙata, ba katako ba, zan aika mata da bargo mai kyau.

Ya ta dube ni ta ce, "To."

Na ji daɗi ƙwarai, na ce ashe tsohuwa tana fahimtar harkar kasuwanci.

Washegari da safe ina tasha, muna zaune da direbobi wurin mai shayi kafin in wuce Shetimari, sai na ji Ɗalha ɗan kamasho ya kwarara mini kira. Ɗalha mutumin Damagaram ne, shi ke haɗa masu kaya da masu mota, kuma Allah ya ba shi murya wadda in ya yi raɗa ana ji a bakin kasuwa.

"Kalli! Kana da lodi!"

"Na gaya maka watan nan an kama ni," na ce.

"Wannan ba ya da yawa. Barwa. Ƙyaure ɗaya, tsohuwa ɗaya."

Na juya. Ga Ya tsaye a bayansa, ta sha lafayarta ta zuwa suna, tana dogare da sanda. Keke mai ƙafa uku ta hau ta zo, ita da ko ƙofar gida ba ta fita sai an riƙe ta. Har mai shayi ya tsaya da juya cokali.

"Ya, me ya kawo ki nan?"

"An ce nan ake samun mai mota," ta ce da Hausarta ta kasuwa, don kowa ya ji. "A gida ɗa nake da shi, shi kuma ba ya da lokaci."

"Ni dai Hajiya ta zo ta bi layi kamar kowa," in ji Ɗalha, fuskarsa ba alamar dariya. "In ba ka tahiya ka hwaɗa mini, in ba wani."

Kafin in buɗe baki wani direba, wanda motarsa ko Gagamari ba ta kaiwa sai an tura, ya ajiye kofi ya ce shi zai kai ta, kuma ko gazwal, man mota, ba ya so a zuba masa. Wani ya ce a'a, shi ya fi sanin hanyar. Suka fara gardama a kan wanda zai kai uwata gari, ina zaune da burodi a hannu. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na ji haushin Ɗalha, na ji haushin direbobi, na ji haushin Ya da ta tona ni a gaban abokan sana'a, na ji haushin wani masunci da ya mutu tun ina yaro bai bar jirginsa ya ruɓe a ruwa kamar na kowa ba.

Na kira Alhaji Muhsinu na gaya masa yau ba ni zuwa, ƙyaure zan kai Barwa.

"Na zinariya ne?" ya tambaya.

Na ce na katako ne. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya kashe waya, na kuma san abin da hakan ke nufi.

Tunda abin ya zama dole, na ce bari in yi shi yadda ba za a sake kirana ba. Na biya kasuwa na sayi ƙusoshi da sabon kwaɗo, na ari guduma, don in kafa mata ƙyaurenta da hannuna in ɗaura mata makulli a bakin zane, magana ta ƙare. Maƙwabta suka kama mini muka ɗora shi a bayan mota. Ya ta sa aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsa, aka lulluɓe shi da wata. Ni da na kai madubin amarya Gigimi ba a yi masa wannan gata ba.

Muka bi kwalta, muka sauka muka shiga yashi. Ya ba ta yi mini magana ba sai in mota ta faɗa rami, ta waiga ta gilashin baya ta ce, "A hankali." A wani shingen sojoji wani matashin soja ya ɗaga tabarma ya ga ƙyaure, ya leƙa ƙarƙashin mota, ya dawo ya tambaye ni ina sauran gidan. Ya ta ce masa yana gaba. Sojan ya ɗaga mana hannu muka wuce.

Rana ta karkata muka shiga Barwa. Rabona da garin tun kafin gudu. Sababbin ɗakunan laka jefi-jefi, bukkokin zana, hayaƙin bandar kifi yana tashi ta ko'ina. Rufin gidaje da yawa tamfol ne, fari mai tambari, irin wanda na yi shekaru ina kwasowa daga sito ina rabawa. Na gane su kamar yadda mutum ke gane tsofaffin abokan aiki. Muka wuce inda gidanmu yake a da, ƙaya ta cinye wurin. Na rage gudu don Ya ta gani. Ta ce in wuce.

Laminu ya tare mu a ƙofar gida. Ina fitowa da guduma a hannu idona ya sauka kan ɗakin Yakaka. Ɗakin yana da ƙyaure. Sabon ƙyauren kwano, shuɗi, yana sheƙi, da kwaɗonsa a rataye wanda ya fi nawa girma.

"Laminu," na ce, "wannan mene ne?"

"Ƙyaure ne."

"Na ga ƙyaure ne. Tun yaushe?"

"Ai tun da muka dawo. Wani furoje na masu agaji ya raba."

Na ce ashe haka. Na ce na bar aikin wata guda, na ƙona mai, na karya bayan mota a yashi, an yi mini dariya a tasha, don in kawo ƙyaure ga mai ƙyaure. Na ce ko biyu za ta haɗa, ɗaya na shiga ɗaya na fita? Na faɗi wasu maganganun ma da ba sai na maimaita ba. Laminu ya tsaya yana kallona kamar bai gane yaren da nake yi ba. Ya kuwa ko waiwayowa ba ta yi ba, ta ce wa mazan da suka taru su sauke a hankali su shiga da shi ciki.

"Ciki?" na ce. "Ina za a kafa shi a ciki?"

Aka karkata shi aka shige da shi, na bi su da gudumata.

Yakaka na kwance a kan tabarma. Na san ta doguwa mai ƙiba, mai kora mu da muciya in mun zo hutu mun shiga gonarta. Yanzu ta ƙanƙance, in ba don idanunta ba da ban gane ta ba. Ya ta zauna kusa da ita da ƙyar, suka riƙe hannu suna wushe, wushe, gaisuwar garinmu, suna tambayar juna gajiya da gida da gwiwa, kamar jiya suka rabu a bakin rijiya. Sannan Yakaka ta ce a kwantar da shi a nan gefenta. Aka kwantar. Ta miƙa hannu ta shafa katakon tun daga inda hannunta ya kai, tana bin tsagar da ke tsakiya da yatsa.

"Gara ba ta taɓa shi ba," ta ce.

"Ba ta taɓa ba," in ji Ya.

"Su wa ya ɗauka a can?"

Ya ta fara faɗa. Ta ambaci tsohon bulaman unguwarmu. Ta ambaci wata mai sayar da kifi da na sani, da wani ladan, da wata jaririya da ba a kai ga raɗa mata suna ba. Kowane suna Yakaka ta ce Allah ya ji ƙai. Duk mutanen Barwa ne, duk kuma a Diffa suka rasu. Ina tsaye na fara jin gudumar ta yi mini nauyi.

"Da uban wannan," Ya ta ce, ta nuna ni da haɓa.

Yakaka ta juyo ta dube ni. Ta ga ƙusoshi, ta ga kwaɗo, ta ga fuskata.

"Gumsu, ba ki gaya masa ba?"

"Bai tambaya ba."

"Zauna, Kalli," in ji Yakaka. Na zauna a ƙasa. Ta ce, "Kai a Diffa ka tashi, ba ka sani ba. Unguwarmu kaf ba mai katako mai faɗin wannan. In an yi rasuwa, nan ake zuwa a cire shi, a kwantar, a wanke mamaci a kai, a dawo mini da shi kafin magariba. Mijina a kansa aka wanke shi. Kakarka ma haka. Yaran da na binne, duka." Ta huta, ta ja numfashi. "Tun da muka dawo, a kan tamfol ake wanke mutane. Mai rubutu. Ruwa ya taru a ƙarƙashin mutum, ana ja yana zamewa. Na gani da idona. Na ce ni ba za a wanke ni a kan rubutun wasu ba."

Shekara da shekaru abin nan yana cikin gidana. Na wuce shi da safe, na wuce shi da yamma, na sha shayi a kansa. Ranar da mahaifina ya rasu ina can ina jiran a sa hannu a takardar komawa, ban ga fuskarsa ba, ban ɗauki makararsa ba, kuma abin ya daɗe yana cina, ban taɓa gaya wa kowa ba. Ashe wuri na ƙarshe da ya kwanta yana jingine a rumfata. Na ɗora tafin hannuna a kan katakon. Sanyi gare shi, da santsi a tsakiya inda ruwa ya daɗe yana bi. Kunya ta kama ni, kewar ubana ta taso mini gaba ɗaya, na yi kuka a gaban tsofaffi biyu da Laminu, babu tattasan da zan ɗora wa laifi.

Suka bar ni na gama. Yakaka ta ce wa Laminu a jingine shi a bango inda za ta riƙa ganinsa, a sa duwatsu a ƙasa saboda gara. Sannan ta ce tana jin yunwa, ko akwai sauran kunu. Kwaɗon da na saya na bai wa Laminu, ya ce zai sa a akurkin kaji.

A Barwa muka kwana, da hantsi muka juyo. Bayan mota fayau, sai tabarmi biyu a naɗe. Muka yi nisa har muka wuce shingen sojan nan, ya leƙa ya ga ba ƙyaure, ya gyaɗa kai kamar an cika masa alkawari. Muna hawa kwalta Ya ta gyara zama.

"Kalli."

"Na'am, Ya."

"In nawa lokacin ya zo, ka je ka aro shi. Ka gaya wa Laminu aro ne, za a mayar."

"Haba Ya, ki daina irin wannan magana."

"Ba magana ba ce, lodi ne," ta ce. "Zuwa da dawowa. In ka ga ba ka da lokaci ka faɗa tun yanzu, na riga na gaya wa Ɗalha."

Na ce ina da lokaci. Ta ce to, ta jingina kai da gilashi ta yi barcinta har Diffa.

Alhaji Muhsinu ya ba wani aikin, kamar yadda na zata. Yanzu ƙananan manoma nake bi, buhu kaɗan a nan, kaɗan a can, su ne ma suke ɓata mini rana yau da ɗinki. Yakaka tana nan da ranta. Laminu ya ce tun da ƙyauren ya iso ta koma cin tuwo, har ta fara faɗa da jikoki. A rumfar gidana bulo ne kawai suka rage, Rashida ta so ta kwashe, na ce ta bar su.

Shekaranjiya wani ya kira ni da lodin Agadas, sabuwar shekara, aiki mai tsoka. Na ce masa motata ba ta nisa yanzu. Ya ce ai bana ma ka je. Na ce wancan maigidan ne ya aike ni, an canja shi.

In da a ɗaki mai sanyi ne, ban san ta ina layin zanena zai bi ba. Abin da na sani, a bayan kujerata akwai jarkar gazwal cike, an ɗaure ta da igiya, wadda za ta kai ni Barwa ta dawo da ni. Ko mai ya yanke mini a hanya ba na taɓa ta, sai dai in sauka in nemi na bakin titi. Ga manoma can sun gama ɗinki suna ɗaga mini hannu, bari in matsa da mota.